Tsakanin Rumbu da Kwantena

Abu biyu ne ke sa magidanci a ƙasar Gezawa ya fasa rumbunsa ba don cin gida ba, watau aurar da 'ya da kuma tayar da gini. Sauran hidimomin duniya ana iya lallaɓa su a ce sai baɗi, amma idan an sa ranar aure, ko kuwa damina ta ci bangon ɗaki ta bar azara a fili, to babu sauran jira. Mu magidanta 12 ne da muka daɗe muna adashe tare, a cikinmu akwai malaman makaranta, da manoma, da tela, da direba, da kafinta guda. Sai ga shi hidimomin nan biyu sun taso mana kusan lokaci ɗaya: biyar daga cikinmu za su aurar da 'ya'ya mata, huɗu kuma suna da gini a hannu, wani ya kai linta, wani yana jiran rufi. A nan ne ɗaya daga cikinmu ya kawo shawarar mu haɗa kuɗinmu wuri guda mu yi odar kayan ɗaki da kayan gini daga ƙasar Sin, maimakon kowa ya je kasuwa shi kaɗai a yanke shi. Har zuwa yau ko allura ba mu saya ba, shiri kawai muke yi, amma abin da shirin ya koya mana ya isa a ba da labarinsa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai iya cewa mene ne abin dogon tunani a cikin sayen gado da tayil. To, mai karatu, sai ka san inda kuɗin ya fito. A nan gona manne take da gona, daga Jogana zuwa Tsamiya Babba har Tumbau da wuya ka ga saura. Iyayenmu ba su san hutar da gona ba, taki suke zuba mata duk shekara, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki takwas ko goma ne suka raba ta. Saboda haka kuɗin da ke cikin asusunmu na gero ne da dawa da wake da gyaɗa, da bijimin da aka yi wata shida ana kiwatawa a turke, da ɗan abin da malami ya tsame daga albashinsa. Ga kuma birnin Kano yana ta matsowa ta hanyar Haɗeja, dillalan filoti suna yawo da kuɗi a hannu suna neman wanda larura ta kama. Tun a zaman farko wani daga cikinmu ya ce zai sayar da rabin gonarsa ya ƙara jari, tunda ribar za ta mayar masa. Dattijon cikinmu ya dube shi ya ce, "Ɗana, kujera tana tsufa, gona ba ta tsufa. Duk wanda zai sayar da ƙasa ya zuba a wannan harka, ni ban da ni." A kan haka muka kafa doka ta farko: kuɗin gona ba ya shiga kwantena.

Sayen kayan bayan teku ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar da yadin Ingila da madubai da allurai da takarda da duwatsun ado a kasuwa, duk raƙuma ne suka ƙetaro da su hamada daga Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya kudu, kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant suka riƙa sayen gyaɗa suna sayar da kwano da yadi da fitila. Reshen dogo na Nguru, wanda aka gama a 1930, ya ratsa ta Jogana, ya kawo mana abin har ƙofar gida. Duk wanda ya leƙa ɗakunan matan gidansu zai karanta wannan tarihi a jere. Kakanninmu da ƙore da tukwane da tasoshi aka yi musu jere, gadon kara ko na ƙasa suka kwanta a kai. Iyayenmu mata aka kai su da langa da fanteka da gadon ƙarfe mai rumfa. Yayyenmu kuma suka zo a zamanin tangaran da gadon fomika da ledar ɗaki. Haka gini ma: daga tubali da azara da makuba aka koma bulo da siminti da rufin kwano. Abin da ya sauya a yau shi ne, a da kaya ne ke zuwa su same mu, mu taɓa, mu ƙwanƙwasa, mu yi ciniki. Yanzu kuwa kuɗinmu ne zai yi gaba, ya je wurin mutumin da ba mu taɓa gani ba, a kan kayan da hoto kawai muka gani.

Abin da ya ja hankalinmu farashi ne. Mun je Ƙofar Ruwa mun tambayi tayil da kan famfo da ƙofofi, mun zaga Sabon Gari da Ƙofar Wambai don kayan jere, muka dawo jiki a sanyaye. Akwai kuma ɗan 'yar'uwar ɗaya daga cikinmu da ke zaune a birnin Gwanzu yana yi wa 'yan kasuwar Kano hidimar saye da lodi. Shi ya riƙa turo mana hotuna ta WhatsApp daga Foshan, garin da ya yi suna a duniya wajen tayil da kujeru da gadaje, inda shagunan kayan ɗaki suka yi layi na kilomitoci a bakin titi. Ya ba mu labarin babban baje-kolin Gwanzu da ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, a watan Afrilu da watan Oktoba. Idan ka ɗauki farashin da ke ƙarƙashin hoton ka juya shi zuwa naira, sai ka ga kamar 'yan kasuwarmu fashi suke yi da rana tsaka. Amma yaron nan mai gaskiya ne. Ya ce wa kawunsa, "Kawu, wannan kuɗin kaya ne a bakin masana'anta. Kafin su iso Gezawa sai sun hau mota, sun hau jirgi, sun kwana a tasha, sun gaisa da kwastan, sun sake hawa mota. Kowane mataki da bakinsa." Wannan magana ce ta sa muka sayi littafi mai layi-layi muka fara lissafi.

Aikin farko shi ne rubuta abin da ake so, kuma a nan ne muka ga iyakar saninmu. Maza ne ke zaman adashe, amma ɗakin amarya ba hurumin maza ba ne. Da muka kai wa matan gida jerin da muka tsara, sai suka soke kusan rabinsa. Wata gwaggon amarya, wadda ta yi jere ya fi a ƙirga, ta tambaye mu tambaya ɗaya da ta tsayar da mu: kujerar nan mai zaman mutum uku da kuka zaɓa, ta wace ƙofa za ta shiga? Gidajenmu da zaure suke, daga zaure a karya kwana a shiga soro na biyu, ƙofar ɗaki kuma ba ta da faɗi. Kujerar da aka ƙera don falon bene a wata ƙasa, sai dai a fasa katanga ko a ɗaga ta ta saman gida, duk gari na kallo. Tun daga ranar muka sa aka auna kowace ƙofa da kowane ɗaki da tef, aka rubuta.

Awon ma da nasa rikici. Mu da ƙafa da inci muke aiki, su kuwa da santimita da milimita. Gadon da muke kira shida-da-shida, watau santimita 183 kowane gefe, babu shi a tsarinsu. Babban gadonsu faɗin santimita 180 ne, tsawon 200. Ashe idan ka sayi gado can ka zo ka sayi katifa a Kano, katifar za ta ɗan fi gadon faɗi ta ƙi zama, a wajen ƙafa kuma ta bar rami na kusan santimita 17. Ko dai ka sayi katifar can, ta cinye maka wuri a kwantena, ko ka sa a yanka maka ta musamman a nan. Ƙofa ma sai ka faɗi ko dama take buɗewa ko hagu, da kaurin bangon da za ta zauna a ciki. Soket na lantarki sai ka jaddada irin namu mai baki uku ne, na tsarin Ingila. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne hoto ba ya faɗa.

Sai kuma maganar yanayi, wadda kafintan cikinmu ya fi kowa sani. Yawancin gadaje da sif masu sheƙi da ake gani a hoto, da katakon garin itace ake yin su, wanda aka matse da gam, kafintoci na ce masa MDF. Yana da kyau a ido, yana da santsi, amma idan ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi, ba ya kuma komawa. Ɗakin da ake wanke daɓensa, ko wanda laima ke tasowa a cikinsa da damina, ba wurin zamansa ba ne. Idan an kwance shi an sake ɗaurawa sau biyu, ramin sukurun ya lalace, alhali kayan mace a ƙasarmu sukan tashi daga gida zuwa gida. Katakon gaske kuma da aka busar don ƙasa mai danshi, idan hunturunmu ya buge shi yakan tsage. Ga gara tana jira a ƙarƙashin ƙasa, ba ruwanta da ko daga wace ƙasa abu ya zo.

Daga nan muka shiga lissafin kwantena. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kusan mita 33 na cikin akwati, abin da 'yan kasuwa ke kira sibiyam, babba mai ƙafa 40 mai tsayi kuma kusan 76, ko da yake ba a iya cika kowane lungu. To, amma kwantena iyaka biyu gare ta, ta fili da ta nauyi. Kujeru da katifu suna cika fili ba su yi nauyi ba. Tayil kuwa yana kai iyakar nauyi tun kwantenar ba ta cika ba. Katan ɗaya na tayil mai santimita 60 kowane gefe, guda huɗu ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44, nauyinsa ya doshi kilo 30. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai ci katan 10, a ƙara ɗaya don fashewa da yanka. Da muka haɗa ɗakunan masu gini huɗu gaba ɗaya, ba mu kai ko kwatan abin da ƙaramar kwantena ke ɗauka ba. Watau ba mu isa mu cika kwantena da tayil ba, sai dai mu shiga haɗaka da wasu, a caje mu bisa fili ko nauyi, duk wanda ya fi tsada. Bugu da ƙari, tayil gashi-gashi ake yin sa, kowane gashi da lambarsa da ɗan bambancin launi. Idan katan biyu suka fashe a hanyar Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan 1,000 a kan titin da kowa ya san halinsa, ba za ka sami irinsa a kasuwa ka cike ba.

Takardu kuma wata duniya ce. Mai shigo da kaya da sunansa sai yana da rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji. Sai ya buɗe takardar da ake kira Form M ta hannun banki kafin a yi lodi. Kayan da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ke sa wa ido, irin su tayil da kayan lantarki, sai da shaidar SONCAP daga can ƙasar da aka sayo su. Kwastan kuma su fitar da tasu takardar ƙiyasi, PAAR, wadda a kanta ake biyan haraji. Wanda ba shi da waɗannan sai ya fake a ƙarƙashin sunan kamfanin lodi, ya biya su dunƙule, amma fa a takarda kayan ba nasa ba ne, idan rigima ta taso ba shi da bakin magana. Doka ma tana juyawa. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana a ba masu shigo da su dala a farashin hukuma, a ciki har da tayil da kujeru da ƙofofin katako da kwanon rufi da kayan kicin. Ba a ɗage wannan ba sai a watan Oktoba na 2023. Wanda ya yi oda ba tare da ya tambayi abin da doka ta ce a wannan watan ba, ya yi shuka a idon makwarwa.

Babbar fargabarmu ita ce naira. Mu da naira muke tarawa, can kuwa da dala ko kuɗin Sin ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Aka saki naira ta nemi wa kanta daraja, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Al'adar masana'antu ita ce a ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin 100, sauran a cika kafin lodi. Tsakanin biyan farko da na biyu wata guda ne ko fiye, sannan harajin kwastan shi ma da farashin dalar ranar ake lissafa shi. Mutumin da ya sayar da bijiminsa ya ba da kafin alƙalami, in dala ta tashi kafin cikon, ba shi da bijimi na biyu. Saboda haka doka ta biyu: ba za a tura ko sisi ba sai kuɗin duka ya cika a hannu, har da rarar da aka ware don abin da ba a zata ba.

Lokaci ma abin lissafi ne. Masana'anta tana buƙatar makonni ta haɗa kaya, kuma a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu ƙasar Sin kan rufe aiki don bikin sabuwar shekararsu. Jirgin ruwa yakan yi wata ɗaya da rabi ko fiye kafin ya iso Legas. Idan kaya suka wuce kwanakin da aka yafe a tasha, sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Manyanmu suna tuna 1975, shekarar da gwamnati ta yi odar siminti fiye da ƙima, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban Legas wata da watanni, ana biyan kuɗin jinkiri, simintin wasu ya daskare a cikin jirgi. In gwamnati da ƙarfinta ta faɗa wannan rami, ina ga manoman Gezawa? Gaskiya an sami sauƙi, domin a watan Janairu na 2023 an buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki, aka kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don a riƙa fitar da kaya a nan Kano. Duk da haka muka kafa doka ta uku, wadda iyaye mata suka fi kowa murna da ita: ba a ɗaura ranar auren kowace yarinya a kan ranar isowar jirgi. Wa zai iya tsayawa gaban surukai ya ce a ɗaga biki, gadon amarya yana kan teku?

Game da amana kuwa, zumunci daban, ciniki daban. Mun amince da yaronmu na Gwanzu, amma mun yanka masa ladansa a fili, mun rubuta. Mun ce a turo mana samfur mu riƙe a hannu kafin a yi magana, a buɗe katan a gabansa ya ƙirga kafin a rufe kwantena, kuɗi kuma ya bi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan masana'antar, ba na wani mutum ba. A tsakaninmu ma an rubuta abin da kowa ya zuba, da yadda za a raba asara in wani abu ya fashe, shaidu suka sa hannu. Mun ji labarin wasu a wani gari da suka tura kuɗi ga wani dillali saboda hoto mai kyau, har yau suna jiran kaya. Ba mu so a ba da labarinmu haka.

Zaman da ya fi kowane zafi shi ne wanda kafintanmu ya yi magana. Duk tsawon watannin nan yana taimaka mana da awo da shawara, bai taɓa nuna komai ba. Ranar da aka karanta jerin ƙarshe, sai ya ce, "'Yan'uwa, gado biyar da sif biyar kuka rubuta. Aikina ne na rani guda, ni da yara shida da ke koyo a wurina. Ban ce kada ku saya ba, kuɗinku ne. Amma in ƙafar gadon ta karye, wurina za a kawo, ba Foshan ba." Wuri ya yi tsit. Gaskiyar magana, ba mu taɓa sa shi a cikin littafin lissafi ba sai a matsayin mai zuba adashe. Wani ya ce amare yanzu na waje suke so, a shiga ɗaki a ga sheƙi. Kafinta ya ce sheƙin nan ba daga katako yake ba, daga kayan haɗi yake: hinji mai kyau, mariƙin ƙofa, kwaɗo, ƙarfen da durowa ke gudu a kansa, yadin kujera da fenti. A kawo masa waɗannan, a ba shi hoton, a ga abin da zai fito.

Wannan magana ita ta juya shirin baki ɗaya. Muka koma kan jerin layi-layi, muna tambayar kowane abu: akwai shi a gida? In ya lalace wa zai gyara? Nauyinsa ko girmansa zai cinye ribar? Siminti dama ba a maganarsa, ga na Dangote ga na BUA. Tayil akwai masana'antunsa a jihohin Kogi da Ogun, kuma in ya gaza sai a koma Ƙofar Ruwa a ƙaro. Ƙofofin ƙarfe da tagogi, masu walda na garinmu suna yi daidai awon bango. Gado da sif da kujeru aka bar wa kafinta, da sharaɗin busasshen katako da ranar gamawa a rubuce. Abin da ya rage a jerin odar waje shi ne ƙananan kaya masu tsada a nan, marasa cin wuri: kayan haɗin kafinta, kan famfo, makullai, fitilu masu aiki da hasken rana, yadin labule da na kujera, da wasu kayan jere da mata suka zaɓa da kansu. Duka-duka ba su wuce 'yan sibiyam ba a cikin kwantenar haɗaka. Mun kuma fahimci cewa ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da muke zargi, cikin abin da yake ɗorawa akwai kuɗin fargabar da muka kwana da ita wata da watanni.

Yanzu muna jiran samfur ya iso, muna kuma jiran farashin wake ya ɗan ɗaga kafin mu sayar mu cika asusu. A bayan shagon kafinta an jingine katako yana shan iska. Yaransa sun fara fere ƙafafun gado na farko, na 'yar direbanmu, wadda za a kai ɗakinta bayan girbi ko jirgi ya zo ko bai zo ba. Gonar da aka so sayarwa kuwa tana nan, mai ita ya kai mata taki amalanke bakwai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa yaran su shiga ɗakunansu a sa'a.